Kurakuran da masu tara tsoffin kuɗin azurfa na Turai suka fi yi

Babbar ɓarna ita ce goge tsabar don ta yi ƙyalli. Baƙin da ya hau azurfar da ta shekara ɗari shida shi ne shaidar tsufanta, kuma da shi masu saye suke auna ta. Da zarar an sa mata toka, lemun tsami ko man goge ƙarfe, an kankare fuskar sarkin da rubutun, darajarta ta zube har abada. In ƙasa ce ta manne, a jiƙa ta a tataccen ruwa, a bar ta ta bushe a kan kyalle mai laushi. Shi ke nan.

Sai saye ba tare da awo ba. Da guduma aka buga waɗannan kuɗi, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya, amma kowane zamani da nauyinsa. Groat na Ingila, tsabar kuɗi mai darajar kwabo huɗu na azurfa, wajen giram 4.6 ne a 1351 zamanin Edward na Uku, ya sauko kusan 3.9 a 1412, sannan 3.1 a 1464. Wanda ya gaza sosai, ko dai an datse gefensa tun a wancan zamani don satar azurfa, ko jabu ne. Tun 1247 Henry na Uku ya sa aka ja gicciyen bayan tsabar har baki don asirin masu datsewa ya tonu. Jabun da aka zuba a mazubi kuwa, gilashin ƙara girma zai nuna ƙananan ramuka a fuskarsa da layin haɗi a gefe. Ƙaramin sikeli ya fi bakin dillali gaskiya.

Wasu kuma sunan sarki ke ruɗarsu. Yawancin tsabar ba shekara a jiki, ba lambar sarki. Edward na Ɗaya, na Biyu da na Uku duk suna ɗaya suka buga. Haka Philippe na Uku da na Huɗu a kan gros tournois na Faransa, kuɗin da Louis na Tara ya fara a 1266. Siffar kambi da ta haruffa ke rabe su, don haka a fara sayen littafin tantancewa kafin tsabar.

Kada a ajiye kuɗin a leda mai laushi ta PVC, wani nau'in roba. Ambulan ɗin takarda marar asid ya fi. A kuma nemi takardar asali wajen mai sayarwa, domin a Ingila dokar 1996 ta wajabta kai rahoton taskar da aka tono.