Darasi na 6: Shara Ba Ɗaya Ba Ce

A ƙauye, kusan duk abin da za a zubar ta hannun mace yake bi. Ita ke shara da safe, ita ke kwashe toka, ita ke sussuka da sheƙa da surfe. Don haka a bakin tsintsiyarta ake raba mai amfani da mai cutarwa.

Dusa ta awaki ce da kaji, wannan kowa ya sani. Amma ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, kashin tumaki da na kaji, duk taki ne da ake bari iska da ruwan sama suna kwashewa a juji.

Ki sa a haƙa rami a bayan gida, nesa da rijiya, zurfinsa ya kai gwiwa ko ƙugu. Ki shimfiɗa guntayen karan dawa a ƙasa. Ki zuba ƙaiƙayi da ganye, sai kashin dabbobi, ki barbaɗa toka kaɗan, ki yayyafa ruwa. Ruwan ɗauraya ma ya isa. Ya jiƙu kawai, kada ya yi caɓi. Haka za ki riƙa jerawa har ya cika, ki rufe da ƙasa. Ki soka sanda a tsakiya. In kin zaro ta bayan kwanaki kin ji ɗumi, takin yana nuna. Ki juya shi duk bayan mako 2 ko 3. Cikin wata 3 zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar damina. Manoman Illela a jihar Tahoua ta Nijar da taki suke farfaɗo da faƙo, suna zuba shi a ƙananan ramukan da suke kira tassa.

Leda kuwa ba ta ruɓewa. Akuya in ta ci, takan cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu. Ki tara ta daban, kuma kada ki hura wuta da ita, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Mataccen batir ma kada ya shiga rami.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne robar maganin feshi. Ko an wanke ta, guba ba ta fita duka. Kada ki zuba mata ruwan sha, man gyaɗa ko nono. Ki huda ta don kada wani ya ɗauka.

Kashin yaro masai za a kai shi, sannan a wanke hannu da sabulu.

Aiki: Ki rubuta abubuwa 3 da kika share yau, da inda ya kamata kowanne ya tafi.