Ciwon da ya shige ɗaka ya ja ƙofa: kurakuran da muke yi wajen magani

Kawuna dillalin shanu ne, yana cin kasuwar Adumri da ta Pitowa, kuma ya yi kusan wata biyar yana fama da wani zazzaɓi mai zuwa ya tafi. Da yamma jiki ya ɗau zafi, cikin dare gumi ya jiƙa shimfiɗa, ƙugu da gwiwa su riƙe, da safe kuma ya tashi garau har ya hau babur. Sau uku ana ba shi maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Sau biyu ana ce masa taifod ne. Da ya zo wurina a Garwa, arewacin Kamaru, inda nake aikin gwaje-gwaje a asibiti, sai na tambaye shi ko yana shan madara ɗanya. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tun ba a haifi uwarka ba nake shan ta daga hantsa, da ɗuminta." Gwaji ya nuna burusela ce, ciwon da makiyaya ke kira bakkale idan ya kama shanu.

Kafin in shiga kurakuran, sai an gane abu guda. Hausa ta ɗan wahalar da mu a nan, domin ƙwaya ce ta magani, ƙwaya ce ta cuta, ƙwaya ce kuma ta halittar jiki. Ku ɗauki jiki a matsayin gari, ƙwayoyin halittarsa su ne ɗakuna. Yawancin bakteriya a titi suke yawo, cikin jini ko ruwan jiki, inda dakarun jiki da magani ke iske su. Amma akwai masu shiga ɗaka su ja ƙofa: na tarin fuka, na taifod, na kuturta, burusela, da kilamidiya mai kawo ciwon idon nan amodari. Abin mamaki, da yawansu cikin ɗakin mai gadi suke ɓuya. Akwai wata farar ƙwayar jini, makrofaj, aikinta ta haɗiye baƙo, ta jefa shi cikin wata 'yar jaka, ta zuba masa ruwan narkarwa. Ƙwayar tarin fuka tana yarda a haɗiye ta, sai ta hana jakar haɗuwa da ruwan, ta zauna ciki tana hayayyafa. Da ɗan gari akan ci gari.

Kuskuren da ya fi kowanne kashe mutane shi ne a bar magani da zarar an ji sauƙi. Maganin tarin fuka wata shida ne: wata biyu na farko da magunguna huɗu, rifampisin da isoniyazid da pirazinamid da etambutol, sannan wata huɗu da biyun farko. Cikin makonni kaɗan tari yakan lafa, abinci ya fara shiga, mutum ya ce ya warke, ya koma gona ko ya bi mota zuwa Kusiri. Ƙwayoyin cutar da suka mutu a lokacin su ne masu saurin hayayyafa. Waɗanda suka lafe cikin ɗakuna, kamar masu barci, suna nan, kuma don su aka tsawaita maganin. An kashe maciji ba a sare kai ba. Idan ciwon ya dawo yana iya dawowa da taurin kai, ya daina jin rifampisin, sai a koma magani mai tsawo da wahala. Gyaran ba wuya: a riƙe katin magani, kar a tsallake rana, idan tafiya ta kama a faɗa wa ma'aikacin cibiya tun da wuri ya san yadda za a yi. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kuma don Allah kar jan fitsari ya tsorata kowa. Rifampisin ne ke rina fitsari da gumi da hawaye, ba jini ba ne. Na ga wata baiwar Allah da ta zubar da magani a masai saboda wannan kaɗai. Abin da ke sa a garzaya asibiti shi ne ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa.

Sai kuma zaton cewa duk kafso ɗaya ne. Mai talla a tasha zai ɓalle maka amoksisilin guda shida, ja da rawaya, ya ce ka sha biyu-biyu. Wannan magani yana da amfaninsa, amma ba ya ratsa bangon ɗakin nan sosai, kuma ba ya taɓa tarin fuka. Masu iya shiga ciki su ne irin su doksisiklin da azitromisin da rifampisin. Shi ya sa aka haɗa wa kawuna doksisiklin da rifampisin na mako shida cur, domin magani guda ko na kwana kaɗan yakan bar burusela ta dawo. Ba kuma wai kowa ya je ya saya da kansa ba: ba a cika ba mai ciki ko ƙaramin yaro doksisiklin ba, rifampisin kuma yana rage ƙarfin wasu magunguna, har da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Aikin likita ne.

A ɓangarenmu ma'aikata akwai laifi, ba zan ɓoye ba. Gwajin Widal da ake yi wa duk mai zazzaɓi ba ya ganin ƙwayar taifod, martanin jiki kawai yake aunawa, kuma yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon tun da daɗewa, ko mai palu, ko mai wani ciwo daban. Da shi aka yi ta ɗirka wa kawuna maganin da ba nasa ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga abin da zai tsiro, in da hali kafin a fara shan magani. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji maganin palu ba, a faɗa wa likita sana'ar mutum. Mahauci, makiyayi, mai tatsa, wanda ya sa hannu ya ciro mahaifar saniyar da ta yi ɓari, duk bayanin da ke buɗe wa likita ido ne.

Madarar nan kuwa, tafasa ta kawai za a yi. Mutane suna cewa ai nono ya yi tsami, tsamin ya kashe komai. Ba tabbas. Burusela tana iya tsira a ciki, haka ma ƙwayar tarin fukan shanu, wadda ke kama mutum ta wannan hanya. A tafasa, a bar ta ta huce, sannan a kafa kindirmo. Ɗanɗano bai tafi ko'ina ba.

Akwai masu ganin duk wanda tarin fuka ya kama, jiya-jiya ya ɗauko shi, sai a shiga neman wanda ya sa masa, wani lokaci har a ce sammu ne. Tun 1882 Robert Koch ya nuna ƙwayar a birnin Balin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita. Jiki yakan gina mata katanga ya killace ta shekara da shekaru, mutum ba ya tari, ba ya sa wa kowa. Biyar zuwa goma cikin ɗari ne ciwon ke tasar musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙanjamau, ciwon sukari, yunwa, tsufa. Saboda haka idan an ce wa mai tarin fuka a yi masa gwajin ƙanjamau, ba zagi ba ne. Tarin da ya kai mako biyu kuma a kai majina a duba, na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar tana jin rifampisin.

Amodari ma da nasa kuskuren, kuma an san shi a ƙauyukan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da cikin Chadi. Kilamidiya ba ta iya hayayyafa sai cikin ƙwayoyin halittar jiki, a wannan ciwon na fatar ido, ƙuda da hannu da gefen zane ne ke kai ta daga yaro zuwa yaro. Maimaituwar ciwon ke sa tabo, fatar ta lanƙwashe, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido har ya makantar. Tsofaffi sukan tsige gashin da hantsaki, ya sake fitowa da kaifi. Ƙaramin aiki ake yi a miƙe fatar. Yara kuwa a wanke musu fuska kullum, idan masu rabon azitromisin sun zo gari kowa ya karɓa, har wanda idonsa lafiya lau.

Kawuna ya shanye mako shidansa, ko da yake a mako na uku sai da matarsa ta kira ni, wai ya ce ya warke zai ajiye sauran don wata rana. Na hau babur na je. Yanzu ita ke tafasa madarar, shi kuma yana sha yana mita cewa an kashe mata rai.