Yadda Ake Yaye Rufin Tsohon Ginin Shaguna Ya Koma Filin Kasuwa da Shaƙatawa

Babban ginin shaguna da aka rufe ruf, da esi da janareta yake numfashi. Ranar da kuɗin dizal ya gagara, zafi zai kori masu saye, 'yan haya su bi bayansu. A Amurka, inda aka buɗe irin wannan gini tun 1956, wata dabarar da wasu suke yi ita ce su yaye rufin tsakiya, hanyar ciki ta koma titi. A Kaduna ma zai yiwu.

Kafin a zare ƙusa ko ɗaya, a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Nijeriya, ya duba ginshiƙai. Wani lokaci ƙarafan rufin ne ke riƙe da bangon shaguna, in aka cire su da ka, sai bango ya tsage. Da rahotonsa da sabon zane za a nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, a kuma leƙa KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar, a tabbatar takardar filin ta dace da aikin.

Daga nan a zauna da 'yan hayar da suka rage. A yi aikin ɓangare-ɓangare, kada a rufe wa kowa shago watanni. Rusau kuma a fara shi a Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke.

Inda aka fi yin kuskure shi ne daɓe. Na ciki a miƙe yake, tayil mai santsi, bai taɓa ganin ruwan sama ba. Ka bar shi haka, ruwan Agusta zai kwanta, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa atamfofin mai yadi. A fasa shi, a yi gangare zuwa kwata mai murfi a tsakiya, a shimfiɗa intalok, a ɗaga dokin ƙofar kowane shago. Sai inuwa, don ranar Maris ba ta da wasa: doguwar rumfa a gaban shaguna, da darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da tushen gini, saboda saiwa.

Hada-hadar irin wannan wuri bayan Magariba take tashi, don haka a wadata fitilun sola. Masu tsire da shayi a ware musu gefe guda, kada hayaƙi ya kama kayan mutane. Babban allon kallon ƙwallo a wancan ƙarshen, lilon yara inda iyaye za su riƙa hango su daga zaune. Masallaci da wurin alwala da banɗaki a saka su cikin zane tun farko. A bakin ƙofa kuma a bar wa masu Keke Napep wurin sauke fasinja, in ba haka ba, za su tare mashigar.