Farfaɗo da tsohon kan jirgin ƙasa na wasa: kada ka fara da wuta

Mu a Sakkwato ba mu tashi da kukan jirgi ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, bai ƙaraso mu ba. Shi ya sa in ɗan ƙaramin kan jirgi na ƙarfe ya faɗo hannun mutum a nan, ko cikin kayan gadon wani tsoho da ya yi aikin reluwe ko cikin gwanjon da ake kawowa daga Turai, da wuya ya sami wanda zai tambaya. Yawanci sai ya zuba ruwa, ya kunna wuta a ƙasa ya ga ko zai motsa. Yawancin waɗanda ake kawo mini a lalace, ta nan aka kashe su.

Fara da sanin wanda ke hannunka, don iri uku ne ko da yake fuskarsu ɗaya. Akwai wanda ake yi wa wani da makulli kamar agogo, irin Hornby da kamfanin Meccano na Ingila ya soma fitarwa a 1920. Za ka ga ramin makulli a gefe. Akwai mai lantarki, irin Hornby Dublo da ya fito a 1938 ko Märklin na Jamus. Sai mai tururin gaske, irin na Mamod ko Bassett-Lowke, mai tukunya da murhu da fistin. Auna tazarar ƙafafun da rula. Milimita 16.5 shi ne girman da ake kira OO ko HO, 32 shi ne O, 45 kuma lamba 1. Da wannan awo da sunan kamfani za ka nemi kayan gyara. A nan na mai tururi zan fi bayani, don shi ne mai iya ƙona hannu.

Kafin sukundireba ta taɓa shi, ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, har cikinsa, kuma duk abin da ka kwance ka sake ɗauka. Ni faifai nake shimfiɗa wa farin ƙyalle, sukurori kuma in rarraba su a murafen kwalba. Sukurorin tsofaffin na Ingila ba awon milimita ba ne, in ɗaya ya faɗa yashin tsakar gida ba za ka sami ɗan'uwansa a babbar kasuwa ba. Wanda ya cije, ɗiga masa kananzir ka bar shi ya kwana. Kada ka yi ƙarfi da shi.

Wanki da ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori. Tsohon maiko da ya haɗu da ƙurar hunturu yakan daskare a giya da sandunan ƙafa, kananzir da tsinken sakace suke fitar da shi. Samfefa kuwa nesa da fenti. Ra'ayina dai, tabon shekaru ya fi sabon fenti kyau, kuma masu saye ma tsohon fentin suke biya. Ka dubi ƙafafun da kyau. In ka ga sun kumbura sun yi tsage-tsage, cutar tutiya ce, wato dalma ta gurɓata ƙarfen tun ranar zubi. Ba ta da magani, sai canji. Wajen mayar da ƙafafu a mai silinda biyu, ƙusar sandan hagu da ta dama su saɓa da digiri 90. Kuskuren kaɗan ya isa ya sa jirgin ya dinga ɗingishi yana cijewa.

Yanzu tukunya, nan ne aikin yake. Girgiza ta kusa da kunnenka. In ka ji kamar tsakuwa a ciki, farin dattin ruwa ne ya taru. Zuba ruwan lemun tsami da aka tace aka sirka da ruwan ɗumi, bar shi kamar awa guda, zubar, ɗauraye sosai. Kada ya kwana, domin tsami na cin tagulla. Sannan fita da ita rana ka duba jikinta. Ɗigo-ɗigon ja-ja a kan tagulla alama ce tutiyar da ke gauraye a cikinta ta fice, wurin ya yi rauni ko da bai huje ba tukuna. Irin wannan tukunya ta gama aiki, a bar jirgin ya zama na ado. In ɗinki ne ya buɗe, kai wa mai gyaran lagireto ko maƙerin farfaru, ka ce masa da azurfar liƙi kake so, kuma ka cire duk wani abu mai fenti kafin ya sa wuta. Faci da gam ba ya jure tururi.

Bawul ɗin da ke saman tukunya shi ke sakin tururi in ya yi yawa. Ja tsinkensa da farce, ya kamata ya ɗaga ya koma da kansa. In sifirin ya yi tsatsa sayi sabon bawul. Na ga wanda aka ɗaure da waya wai don jirgi ya ƙara gudu, Allah ya kiyaye. Canja duk washa da ta bushe.

Gwajin farko da iska za ka yi. Ɗora jirgin a kan katako biyu ƙafafu na lilo, haɗa famfon keke da bakin tukunya, bugu a hankali. In ƙafafu suka juya gaba da baya ba gardama, injin lafiya lau. Shafa kumfar sabulu a mahaɗai, inda ya yi ƙwai nan ne yoyo.

Mai iri biyu ne. Na keken ɗinki ga gatari da sanduna, ɗigo ɗaya kowane wuri, don mai yawa ƙura yake kira. Silinda kuwa man tururi take so, mai kauri, wanda ruwan zafi ba ya wankewa. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa.

Sai wuta. Ruwan rijiya da na burtsatse su suka kawo dattin da ka wanke, saboda haka nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ka tabbatar ba mai asid ba ne. Zuba da sirinji kashi biyu cikin uku na tukunya. Murhu mai lagwani sifirit yake ci, ban da fetur, ban da kananzir. Harshen sifirit ba ya ganuwa a hasken rana, balle ranar bazara ta Sakkwato, don haka yi gwajin a inuwa ko bayan la'asar, kan siminti, da jiƙaƙƙen tsumma kusa, yara can gefe. Kada ka ƙara sifirit murhu na da zafi, kuma wuta ta riga ruwa ƙarewa, in ba haka ba liƙin tukunya zai narke. In ya huce, kwance bawul, juye sauran ruwan, bar bakin a buɗe ya bushe kafin ka mayar da shi akwati.