Gyaran matoshin kwamin wanke hannu

Matoshin kwamin bandakina ya ƙi tashi, ruwa ya taru. Ga yadda na gyara.

Ajiye bokiti a ƙasa. A bayan bututun da ke ƙarƙashin kwamin akwai noti riƙe da siririyar sandar ƙarfe. Kwance shi, ka zare sandar, sai matoshin ya fito ta sama. Gashi da daskararren sabulu na tarar a nawa. Tsohon buroshin haƙori ya wadatar.

Wajen mayarwa ake kuskure. Juya hujin ƙasan matoshin ya fuskanci bango, sandar ta shige cikinsa. Ɗaure notin da hannu, filaya na fasa na roba. In matoshin bai rufe sosai ba, sauya wa sandar huji a jikin faffaɗan ƙarfen da ke saukowa daga bayan famfo.