Wayar da lambar IMEI ɗinta ta ɓace: yadda ake maido da ita da inda doka ta ja layi

Waya ta dawo daga filashin, wato sake sa mata manhaja, an sa layi, sabis ya ƙi zuwa. Kafin a taɓa komai, a danna *#06# don ganin IMEI, wato lambar shaidar wayar da kamfanonin layi ke gane ta da ita. In lamba mai alƙaluma 15 ta fito, ko irinta biyu a waya mai layi biyu, a gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. In kuwa babu komai, ko sifili ne jere, mai yiwuwa ma'ajiyar lambar ce ta goge.

Sai a leƙa bayanan waya cikin saiti, a duba sigar modem, wato sashen da ke haɗa waya da sabis. Idan ba ta nuna komai ba, ko dai manhajar modem ɗin ce ta lalace, ko kuma guntun da ke kula da sabis a jikin injin ya samu matsala, galibi bayan faɗuwa ko shan ruwa. Na farko, sake sa ainihin manhajar wannan samfurin yana gyara shi. Na biyu kuwa aikin hannu ne, ba na kwamfuta ba.

Kowane inji da inda yake ɓoye lambar. Injin kamfanin MediaTek na ajiye ta a sassan ma'ajiyar waya masu suna NVRAM da NVDATA, na Qualcomm a modemst1, modemst2 da fsg, Samsung kuma a EFS. Yawancin ɓarnar daga gaggawa take: mai gyara ya buɗe SP Flash Tool, manhajar filashin wayoyin MediaTek, ya zaɓi wanke waya gaba ɗaya maimakon sauke manhaja kawai, nan take NVRAM ta tafi. Alamarta ma takan fito a jerin Wi-Fi, wani suna mai ɗauke da kuskuren 0x10. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a kwafe waɗannan sassa kafin filashin, a Qualcomm a fitar da fayil ɗin QCN, mai ɗauke da bayanan modem, da manhajar QPST, a adana da sunan wayar. In an samu matsala, kwafin wannan wayar kaɗai ake mayarwa. Na wata wayar, ko da samfurinsu ɗaya, zai shigo da lambar da ba tata ba.

In babu kwafi, a kai wa wakilan kamfanin da rasit. Ya fi sauƙi, ya fi kwanciyar hankali.

Manhajar da ke maido da lamba ita ce dai ke iya canza ta, kuma nan hatsarin yake. A Birtaniya, dokar 2002 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 ga wanda ya canza lambar ba da izinin kamfanin da ya ƙera wayar ba, har mallakar kayan aikin da niyyar yin haka laifi ne. A Indiya ma, ɗaurin na iya kai shekara 3. Wayar da lambarta ke nan daram amma sabis ya ƙi ta a kowane layi, mai yiwuwa an kai rahoton sace ta ne aka toshe. Wannan ba gyara take nema ba. Mai gyara ya nemi rasit da katin shaida, ya rubuta lambar a littafinsa, in babu ya mayar wa wanda ya kawo ta.