Kurakuran da sabon mai fentin sojojin wasan tebur ya fi faɗawa

Sojojina goma na farko suna nan har yau cikin wani tsohon gwangwanin madara, kuma ba na fito da su sai idan wani ya zo koyo. Abokina ne ya kawo mini akwatinsu daga Ingila, na kamfanin Perry Miniatures, mayaƙan Ansar na Mahdin Sudan, irin waɗanda ake kira 'yan milimita 28, wato kimanin tsayinsu ke nan. Na zauna yi musu fenti a zaure bayan la'asar wata Asabar cikin Disamba, kafin a kira isha'i na ce na gama. Da gari ya waye na duba su a hasken rana. Fuskoki sun shafe, jibba ta yi kamar an tsoma ta a kunun kanwa, jikin kuma kaushi kamar samfefa.

Ga wanda bai saba ba, wasan yaƙin kan tebur shi ne a jera ƙananan sojojin roba ko na ƙarfe, a auna tafiyarsu da tef, a jefa dayis irin na lido don a ga wa ya ci wa. Wanda ya fi suna shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fito a 1987. Sojojin suna zuwa ne ba fenti, a maƙale da firam ɗin roba. Kai za ka yanke, ka haɗa, ka yi fenti, ka gyara musu gindin tsayuwa. Yawancin masu koyar da wannan a YouTube suna zaune ne a ƙasar sanyi da laima, mu kuwa a Katsina muke, kuma rabin ɓarnar da na yi daga nan ta samo asali.

Tun kafin a buɗe fenti ake fara kuskure. Mutum ya murɗe hannun soja daga firam da yatsa, sai mashi ya karye ko wurin ya yi rami. Abin yanke farce mai kaifi ya isa. Daga nan ka bi ɗan siririn layin nan da mazubin da aka ƙera su a ciki ke bari a gefen kai da ƙafa, ka kankare shi da bayan reza. Kana ganin ba ya fitowa, amma ranar da fenti ya hau shi zai tashi kamar tsagar gado. Sai wanka da sabulu da tsohon burushin goge baki, musamman na resin, wata irin roba mai gautsi, da na ƙarfe, saboda maiƙon da ake shafa wa mazubin yana hana fenti kamawa. Idan tsohon sojan ƙarfe ne aka ba ka, mai yiwuwa akwai dalma a jikinsa. Mu maƙwabtan Zamfara mun san abin da dalma ta yi wa yara a 2010, don haka a wanke hannu bayan an goge shi, kuma kada ya shiga hannun ƙananan yara.

Maganar gam gajera ce. Robar mai tauri tana son gam ɗinta na musamman, wanda ke ɗan narka fuskokin biyu su zama ɗaya. Ƙarfe da resin kuwa sai sufa gulu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sufa gulu da laimar iska yake kamawa, shi ya sa a hunturu yake yin nawa, sai mutum ya yi ta ƙara ɗigawa har ya malale ya bar farin dusa a jiki. Ɗigo ɗaya, ka ɗan hura masa numfashi, ka riƙe.

Yanzu ga inda na fi shan wuya. Fentin shimfiɗa, wanda masu fentin mota ke kira firaima, ba a tsallake shi, don ba tare da shi ba fenti zai riƙa ɓarewa duk inda yatsa ya taɓa. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne lokaci. Na fita tsakar gida da gwangwanin feshi ana tsakiyar buji, na tsaya nesa kamar mai feshin maganin sauro. Iskar hunturu ta busar da fentin tun yana sama, ya sauka a jikin sojojin gari-gari, ƙura ta bi ta zauna a kai. Kaushin da na ambata ke nan. Haka yake yi da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Gyaran: a girgiza gwangwani minti biyu cur, a yi feshin da sassafe a inda iska ba ta kaɗawa, tazarar kamar santimita 20 zuwa 30, a wuce fit-fit, ba a tsaya wuri ɗaya ba. Da an gama a kifa kwali a kai. Kuma kullum a fara gwadawa a jikin guntun firam, domin wasu fentin feshin mota suna cin roba, wasu kuma ba sa bushewa, sai soja ya yi mako yana danƙo. Ni dai daga Nuwamba zuwa Fabrairu na daina feshi gaba ɗaya, da burushi nake shafa firaima a cikin ɗaki. Ya fi cin lokaci, amma ban sake asara ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa kuwa shi ne kaurin fenti. Fentin akirilik na wannan aiki, ko na Citadel ne ko Vallejo na Sifen, yana fitowa daga kwalba kamar kindirmo. Idan ka ɗebo shi haka ka lafta, ka binne duk aikin da mai sassaƙa ya yi: ninkin rawani, zanen garkuwa, yatsun hannu. Ana so a sirka shi da ruwa har ya koma kamar madarar da aka tatso yanzu. Shafin farko zai fito da ratsi-ratsi, firaima na leƙowa, kuma a nan zuciya ke cewa ƙara. Kada ka ƙara. Bari ya bushe, ka sake shafawa. Fari da ja da ruwan ɗorawa sukan nemi shafi uku, har huɗu idan shimfiɗar baƙa ce, shi ya sa mai fentin jibbar Ansar gara ya fara da farar firaima.

Amma a iskarmu, fentin da aka sirka yakan bushe a faranti kafin ka gama hannun riga ɗaya. Maganinsa bai kai kuɗin kati ba. Ka samu robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa siririn soso ko tishu ninki huɗu, ka jiƙa, ka ɗora takardar gashin kek a kai. A kan takardar za ka riƙa ɗiga fenti. Laima na tasowa daga ƙasa, fenti ya yi awanni bai bushe ba. A hunturu sai ka riƙa ƙara ruwa ta gefe.

Kwanakin baya ɗan yayata ya zo da burushi mai lamba 000, siriri kamar gashin gira, yana ta alfahari.

"Kawu, da wannan zan yi idanun."

Na ce masa ya ajiye soja a kan tebur ya ja da baya taku biyu. "Kana ganin idon?"

"A'a."

"To a nan ake wasan."

Garin neman gira ake rasa ido. Sabon hannu in ya ce sai ya ɗiga ƙwayar ido, soja yakan fito kamar wanda ya ga kura. Ƙaramin burushi ma yaudara ne, don ba ya riƙe ruwa, kafin ka kai shi jikin soja bakinsa ya bushe. Lamba 1 ko 2 mai tsinin baki yana yin kusan komai. Abin kiyayewa kawai kada fenti ya kai gindin gashi inda ƙarfe ya matse shi, don in ya bushe a can bakin zai wage, ba ya komawa. Kada kuma a bar shi tsaye cikin kofin ruwa.

Abin da ke fito da fuska shi ne ruwan inuwa, wato fenti mai duhu, ruwa-ruwa ƙwarai, wanda ke gangarawa ya zauna a lungu. Yana da daɗin aiki, shi ya sa ake wuce gona da iri. A yi wa soja wanka da shi, ya taru a gefen riga ya bushe ya bar tabo kamar na shayi. Idan ka ga ya taru, ka tsane burushi ka taɓa wurin, zai zuƙe shi. Bayan ya bushe ka dawo da launin asali a wuraren da suka taso. Mai fentin doki kuma ya daina zuba ruwan ƙasa iri ɗaya a kan duka rundunar. Ka tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan sallah ka kalli dawaki da kyau: ga akawal, ga kili, ga bikili mai baƙin geza da baƙar wutsiya, wani da farin goshi, wani da farar ƙafa. Ko akawal ɗin ma in rana ta doke shi ba baƙi ƙirin ba ne.

Sai gindin tsayuwa, wanda mutane ke bari baƙi fayau kamar soja na tsaye a kan murfin kwalba. Yashi dai Allah ya hore mana, amma ba a ɗebo shi daga ƙofar gida a zuba haka. A tankaɗe da rariya, a wanke, a shanya ya bushe sarai. Sannan a tuna da ma'auni: sojan milimita 28 ya yi kusan kashi ɗaya cikin 56 na mutum, don haka tsakuwa mai milimita 5 a wurinsa dutsen murhu ce. Ɗaya ko biyu sun isa, sauran ya zama lallausan rairayi. A shafa farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, a tsoma gindin cikin yashi, a kakkaɓe, a share wanda ya hau ƙafa tun da ɗanyensa. In ya bushe a bi shi da gam ɗin da aka sirka da ruwa don kada ya riƙa zuba.

Ga wani abin mamaki: yashi na gaske bai yin kama da yashi a gefen soja mai fenti. Sai an yi masa fenti shi ma. Launin ƙasa mai duhu tukuna, sannan a ɗebo mai haske a goge burushi a tishu har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama. Jar ƙasa irin ta ginin ganuwa tana fito da farar jibba sosai. Kuma rundunar duka ta tsaya a ƙasa iri ɗaya, kada wannan yana Sahara wancan yana fadama. Kafin ka manna kowa, duba dokar wasan da za ka buga, don faɗin gindi yana cikin lissafi, akwai na milimita 25, akwai na 32. Soja mai yawan faɗuwa kuma a manna masa woshar ƙarfe a ƙasa.

Banish marar sheƙi shi ke kare fenti daga gumin hannu. Shi kuma damina ce abokiyar gabarsa: ka fesa shi a Agusta bayan ruwa, sai soja ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli. Sau da yawa shafin banish mai sheƙi da burushi yakan dawo da shi, daga baya a maimaita marar sheƙin ranar da gari ya bushe.

Wanda ya riga ya lalace ma ba a zubarwa. A jiƙa shi cikin Dettol zalla ya kwana, a sa safar hannu, a goge da burushin baki yana cikin Dettol ɗin. Kada ruwa ya taɓa shi sai fentin ya fita duka, in ba haka ba zai koma danƙo mai wuyar cirewa. Tina da man goge jan farce kuwa a nisanta su da roba, narkar da ita suke. Ɗan yayata ya gwada da tina kafin ya tambaye ni, ya kawo mini wani mai mashi a tafin hannu, kai ya haɗe da kafaɗa.